Gadon da ake ɗaga kansa da ƙafarsa: zai sauƙaƙa wa Baba ciwon baya?

Tambaya daga Daura: Mahaifina ya haura shekara 70. Yana fama da ciwon kwankwaso mai sauka har ƙafafu, in ya ɗan yi tafiya sai ya nemi wurin zama. Da dare kuma ƙwannafi da minshari suna hana shi barci, har ya koma kwana a kujera. Mun saya masa katifar otofedik, ba ta canza komai ba. An ba ni shawara in sayi gado mai rimot, wanda ake ɗaga kansa da ƙafarsa. Yana da amfani, ko asarar kuɗi ce?

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri bisa wannan ɗawainiya. Ga alamun da ka lissafa, akwai kyakkyawan zaton gadon zai yi masa amfani. Sai dai ka san abin da za ka saya. Wannan gado ba ya gyara ƙashi, ba ya warkar da jijiya. Aikinsa guda ne: yana riƙe jiki a lanƙwashe yadda aka saita shi har gari ya waye. Idan ciwon mutum irin wanda lanƙwasawa ke kwantarwa ne, zai ji daɗinsa tun daren farko. Idan ba irinsa ba ne, ko miliyan nawa aka kashe ba za a ga bambanci ba, wani ma sai ya ƙara masa. Kuma ana iya gane ɓangaren da Baba yake kafin a fitar da ko kwabo.

Babbar alama a bayaninka ita ce kwanan kujera, da neman wurin zama bayan gajeriyar tafiya. A cikin ƙashin baya akwai rami da jijiyoyin ƙafa ke bi. Da shekaru suka ja, faifan da ke tsakanin ƙasusuwa yana bushewa ya zauna, gaɓoɓin baya su yi kauri, sai ramin ya ƙuntata. Miƙewa sambal tana ƙara matse shi, sunkuyawa kaɗan tana buɗe shi. Shi ya sa za ka ga dattijo mai wannan lalura yana tafiya a ranƙwafe kan sandarsa, ruku'u ya fi masa sauƙi a kan doguwar tsayuwa, wani ma yana tuƙa keke lafiya lau amma ba ya iya takawa zuwa masallacin unguwa. Idan irin wannan mutum ya kwanta rigingine da ƙafafu a miƙe, wata tsoka da ta taso daga ƙashin kwankwaso ta sauka cinya tana jan bayan, ya ƙara lotsawa ciki, ramin ya ƙara tsukewa. Da an ɗaga gwiwa kaɗan sai tsokar ta saki, bayan ya kwanta a kan katifa.

Wannan hasashe ne daga nesa, ba ganin likita ba. Akwai wata cuta mai kama da ita da ya kamata a bambance: toshewar hanyoyin jinin ƙafa, wadda ta fi kama masu ciwon suga da masu shan taba. Shi ma mai ita yana jin ciwo in ya yi tafiya, amma tsayawa cak ta ishe shi, ba sai ya zauna ko ya sunkuya ba, kuma ƙafarsa kan yi sanyi. Irin wannan mutum ɗaga ƙafa da dare yana ƙara masa raɗaɗi, domin jinin da ke isa ƙafar dama can bai wadata ba. Don haka a kai Baba a duba shi tukuna. A fara da babban asibitin da ke Daura, in da buƙatar hoton baya ko likitan ƙashi akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da Asibitin Janar Amadi Rimi, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: fitsari ko bayan gida ya riƙa zuwa ba da saninsa ba, ko fitsari ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba ya jin taɓi, ko ƙafa ta fara ja. Haka nan ciwon bayan da ke tafe da zazzaɓi, zufar dare da rama, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A namiji mai shekarun Baba, ciwon da ba ya lafawa ko ta yaya aka kwanta yana sa a duba mafitsara da ƙwayar da ke ƙarƙashinta, wadda likitoci ke kira prostate.

Idan likita ya kore waɗannan, sai gwaji. Ka sami matasan kai masu tauri guda huɗu ko biyar. A jera biyu ko uku a gangare tun daga kwankwaso har kai, ba a tara su a ƙarƙashin wuya kawai ba, yadda kafaɗu za su tashi kamar santimita 20 zuwa 25 daga katifa. A sa ɗaya mai kauri, ko bargo da aka naɗe, a ƙarƙashin gwiwoyi. Ya kwana haka mako guda. Kowace safiya a tambaye shi abu uku: sau nawa ya farka, ko ya koma kujera, da yadda bayan yake lokacin tashi sallar asuba. In ya ce ya fi jin daɗi amma matasan suna zamewa cikin dare, to gadon zai yi masa aiki, domin abin da gadon ya fi matashi da shi ke nan, ba ya zamewa. In ya ce babu bambanci, ka riƙe kuɗinka ka kai su wajen likitan gashin ƙashi.

Batun awo yana da muhimmanci, kuma a nan mutane suka fi kuskure, domin duk wanda ya sami rimot a hannu sai ya ɗaga gadon fiye da kima. Don barci, kai digiri 15 zuwa 30 ya isa, gwiwa kuma digiri 10 zuwa 20. Ba sai da na'urar awo ba. Allon da ke ɗaga baya tsawonsa yakan kai santimita 80. In bakinsa na sama ya tashi santimita 20 daga inda yake kwance, kana wajen digiri 15. In ya tashi santimita 40, digiri 30 ke nan. Santimita 57 kuwa digiri 45 ne, wanda na cin abinci ne da karatu da hira, ba na kwana ba. Masu talla suna da wani maɓalli da suke cewa kwanciyar 'yan sama jannati ce. Ba wani sirri a ciki, kai ne da gwiwa aka ɗaga tare daidai gwargwado, kuma gadon da ake murɗawa da hannu yana yin haka.

Tsarin ɗagawa shi ma yana da ƙa'ida. Da farko a tabbata ƙashin ƙugu yana daidai inda gadon ke karyewa. In mutum ya zame ƙasa, karyewar takan faɗo a tsakiyar baya, haɓa ta dunguri ƙirji, sai a tashi da ciwon wuya a ce gadon ne. Sannan a fara ɗaga gwiwa, kai ya biyo baya. In aka fara da kai, jiki yana sulalowa ƙasa alhali fatar mazaunai tana manne da zanin gado. Ga mai lafiya wannan ɗan rashin jin daɗi ne kawai. Ga wanda ke kwance ba ya iya juyawa, kamar mai shanyewar ɓarin jiki, wannan jan fata yana cikin manyan abubuwan da ke haifar da gyambon kwanciya. Shi ya sa a asibiti ba a barin kan gado sama da digiri 30 na dogon lokaci sai da dalili, kamar ciyarwa ta roba ko wahalar numfashi, kuma ana juya maras lafiya kusan duk awa biyu. Gado mai ɗagawa ba ya ɗauke wa masu jinya wannan juyi.

Ƙwannafi na cikin abubuwan da ɗaga kai ya fi tabbatar da amfaninsa. Ruwan ciki mai tsami yana komowa maƙogwaro in an kwanta a shimfiɗe, musamman in ciki cike yake. Abin da likitoci ke ba da shawara shi ne a ɗaga wajen kai inci 6 zuwa 8, wato santimita 15 zuwa 20, kuma ƙirji gaba ɗaya ya tashi, ba wuya kaɗai ba. Amma in Baba zai ci tuwo da miya mai yaji da mai bayan isha'i, ya bi da fura, ya kwanta nan take, gado ba zai iya da wannan ba. A bar awa biyu zuwa uku tsakanin abinci da kwanciya, a rage goro da shayi mai kauri da dare. Da azumi kuma, komawa barci nan da nan bayan sahur shi ne lokacin da ɗaga kai ya fi amfani. Kwanciya ta hagu tana rage ƙwannafi fiye da ta dama, saboda yadda tumbi yake zaune a jiki. Dattijon da ya saba kwanciya ta dama yana iya farawa da ita, ya yi addu'o'insa, in ƙwannafin ya taso ya juya hagu. A kuma duba magungunan da yake sha don bayan: diclofenac da ibuprofen da ire-irensu, da ake saye a kemis ba lissafi, suna cin ciki kuma suna taɓa ƙoda a jikin tsoho.

Minshari yakan ragu in an ɗaga kai, don harshe da naman maƙogwaro ba sa faɗawa baya sosai. Amma in masu kwana kusa da shi suna jin numfashinsa yana yankewa, ya yi shiru sannan ya zabura da shaƙa, ga gyangyaɗi da rana ga hawan jini mai wuyar sauka, wannan cuta ce mai zaman kanta da ake yi wa gwajin barci, kuma maganinta na'urar hura iska ce ta CPAP. Ka kuma tambayi Baba dalilin kwanan kujerar da kyau. In amsar ita ce numfashi ke sarƙe shi da zarar ya kwanta, ga kumburin ƙafafu biyu, to zuciya za a duba. Gado zai sauƙaƙa masa numfashi, amma zai iya ɓoye cutar tana ci gaba. Mai wannan hali ba a ɗaga masa ƙafafu sama sai da izinin likita, domin ruwan da ya taru a ƙafa yana komawa ƙirji.

Akwai waɗanda gadon ba ya yi musu komai. Mai kwana rubda-ciki dole ya bar shi a shimfiɗe. Mai kwana ta gefe, in aka ɗaga masa kai da gwiwa tare, bayansa zai karkace ta gefe, don haka a sauke masa wajen gwiwa gaba ɗaya, kai kada ya wuce digiri 10 zuwa 15, a sa matashi tsakanin gwiwoyi. Saurayi mai ciwon da baya ke sandarewa da safe, ya saki in an motsa jiki, yana iya zama mai cutar da ke haɗe ƙasusuwan baya, kuma shi ana so ya riƙa kwanciya a miƙe don kada ya ƙage a ranƙwafe. Ko Baba ma, kada ya wuni ya kwana gwiwa a lanƙwashe. A riƙa shimfiɗe gadon yana miƙe ƙafafu na wasu mintuna kullum, kuma ya ci gaba da tafiya gwargwadon iko, in ba haka ba tsokokin cinya suna gajarcewa.

Yanzu ga gadon kansa. Asalinsa gadon asibiti ne, wanda wani likitan tiyata ɗan Amurka, Willis Gatch, ya fito da tsarinsa mai karyewa a 1909. Iri uku ake samu. Akwai na hannu, mai abin murɗawa a wajen ƙafa: ɗaya na kai, na biyu na gwiwa, na uku in akwai na ɗaga gadon duka sama da ƙasa. Akwai mai wuta a kai da gwiwa amma tsayinsa da hannu. Akwai mai wuta gaba ɗaya. A ganina, ga gidan da wuta ba ta tsayawa kuma akwai mai kula da Baba dare da rana, na hannu mai murɗi biyu ya wadatar, kuma mai walda na gari yana iya gyara shi. Aibinsa ɗaya: wanda ke kwance ba zai iya murɗa wa kansa ba, sai ya tashi wani. In Baba yana kwana shi kaɗai a turakarsa, yana tashi fitsari sau da yawa, to rimot yana da dalili, domin ɗaga baya zuwa zaune kafin a sauko da ƙafa yana sauƙaƙa tashi ƙwarai. Ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe, saboda jiri.

In mai wuta za ka saya, ka fara karanta takardar da ke manne a akwatin wutarsa. Wutarmu volt 230 ce. Gadajen gwanjo da suka fito daga Amurka da yawa na volt 120 ne, in aka jona su kai tsaye akwatin ya ƙone nan take, sai da taransfoma mai rage wuta. Injinan da ke tura gadon ba su da cin wuta, kuma sai lokacin motsi suke ja, don haka ƙaramar inbata ta sola tana ɗaukarsu. Abin da ke kashe su shi ne wutar da ake kawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da ƙaramin janareta mai hawa da sauka. A sa sitabilaiza. Yawancinsu an rubuta musu minti 2 na aiki, minti 18 na hutu, saboda haka jikokin da suka mai da rimot abin wasa suna iya ƙona inji cikin yini guda. Tambaya mafi muhimmanci ga mai sayarwa ita ce: in wuta ta ɗauke gadon yana sama, yaya ake sauke shi? Wasu suna da wurin batir biyu na volt 9 don saukewa kawai, wasu suna da hannun murɗawa na ko-ta-kwana. Wanda ba shi da ko ɗaya, ka bar masa kayansa. Ka kuma tambaya ko ana samun rimot da inji na canji, ka sa a hau gadon a gwada shi da nauyin mutum, kana sauraron ƙara ko tsayawa a hanya.

Katifar da kuka saya kusan tabbas ba za ta hau wannan gado ba. Otofedik da ake sayarwa a kasuwanninmu soso ne da aka matse ya yi tauri, ba ya lanƙwasuwa. In aka ɗaga gado sai ta tsaya a miƙe ta bar rami a ƙarƙashi, inji ya yi ta wahala. Mai sifirin da aka zagaye da ƙarfe ita ma haka, lanƙwasawa tana lalata ta. Katifar auduga kuwa tana tattaruwa a wajen karyewa. Kuma zancen cewa mai ciwon baya sai katifa mai tauri kamar daɓe bai tabbata ba. Wani bincike da aka yi a Sifen kan mutum 313, wanda mujallar Lancet ta buga a 2003, ya nuna masu tsohon ciwon baya sun fi samun sauƙi a katifa mai matsakaicin tauri. Abin nema shi ne soso mai nauyi, matsakaicin tauri, kaurin inci 5 zuwa 6 ga gadon asibiti, kada ya wuce inci 10 zuwa 12 ga na gida. Mutum biyu su kama ta su lanƙwasa, in ta bi da sauƙi ta koma daidai, ta yi. Soson nan mai lotsawa ya ɗauki siffar jiki yana riƙe zafi, kuma a bazarar Daura, da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ba kowa ke iya kwana a kansa ba. Haka rigar leda ta katifar asibiti: a shimfiɗa mata zanin auduga mai kauri, a ja shi kada ya yi tattara.

A kula da girma. Gadon asibiti faɗinsa kusan santimita 90 ne, tsawonsa 200, alhali katifar ƙafa 6 da 3 ta kasuwa ba ta kai wannan tsawo ba. Ramin da ya rage haɗari ne, hannu ko kan tsoho yana iya maƙalewa. A sa masu katifa su yanka daidai awon gadon. In akwai ƙarfen gefe, kada wani giɓi a jikinsa ko tsakaninsa da katifa ya kai santimita 12, sannan shi ƙarfen ya ɗara saman katifa da aƙalla santimita 22. Ga tsohon da ya fara ruɗewa, ƙarfen gefe yakan jawo faɗuwa mafi muni, don yana ƙoƙarin haurawa, gara a sauke gadon ƙasa sosai. Tsayin da ya dace shi ne in ya zauna a baki tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, galibi santimita 45 zuwa 55 har da katifa. A auna ƙofar ɗaki kafin a ɗauko gado daga Katsina ko Kano, domin ƙofofin tsofaffin gidaje da yawa ba sa shigar da shi sai an kwance. In yana da tayoyi, birki a kulle kullum.

Sauran ƙananan abubuwa su ne ke raba gadon da ya daɗe da wanda ya mutu cikin shekara. Gidan sauro a ɗaure shi da sassauci, a gwada ɗaga gadon har ƙarshe, in ba haka ba ranar farko zai yage. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris ta zama laka a jikin zaren murɗi, don haka a goge tsohon kafin a sa sabo kaɗan, a ɗaure notuna duk bayan 'yan watanni. Wayoyi a ɗaure su sama, nesa da ɓera da ruwan wanke ɗaki da wuraren da ƙarfe ke haɗuwa. Gadon gwanjo a bincike shi lungu-lungu saboda kuɗin cizo kafin ya shiga gida. Kada kowa ya zauna a kan ɓangaren da aka ɗaga, masu zuwa gaisuwa a ba su tabarma ko kujera. Kada yaro ya shiga ƙarƙashi, kuma ba a kwantar da jariri a gadon da aka ɗaga. In Baba wani lokaci yana sallah a zaune ko a kwance, a girka gadon ƙafafu suna gabas, yadda in an ɗaga kai zai fuskanci alƙibla ba sai an ja gado ba.

In kuɗin bai kai ba a yanzu, akwai matakai biyu masu araha. Don ƙwannafi kaɗai, a sa katako mai kaurin inci 6 a ƙarƙashin ƙafafun gadon na wajen kai, a fafe masa ɗan gurbi don kada ƙafar ta zame. Don baya da ƙwannafi tare, a sa masu katifa su yanka soso mai tauri a gangare, tsawon inci 28 zuwa 30, kauri inci 7 zuwa 8 a wajen kai yana sirancewa har ya ƙare, faɗinsa daidai da katifa, da wani guntu mai kaurin inci 5 zuwa 6 na ƙarƙashin gwiwa. Wannan yana ba da kusan digiri 15, kuma ana iya ɗora shi a kan katifar da kuka riga kuka saya, a ƙara mata soso mai laushi na inci 2 a sama don rage taurin.